DAGA BIRNI ZUWA TARMIT DA ABZIN: YADDA AKE SHIRIN TAFIYAR HAMADA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, hannu ya ɗan sake. Wannan shi ne lokacin da mutane ke ɗaure kaya su nufi arewa. Wani za shi Taskar sayen raƙumi. Wani za shi Agadas neman gishiri da dabino. Samari da yawa sun sa gaba wajen zinariya, tun da aka same ta a Jado da Cibarakatan a 2014. Akwai kuma masu son su je su ga ƙasarsu da idonsu, su ga duwatsun Tarmit da na Abzin da namun dajin da su ke jin labari a rediyo. Duk wanda ya ke cikin waɗannan, wannan bayani nasa ne. A karanta shi a hankali, a karanta ma wanda bai iya ba.

Mutum ya kan ɗaga kai ya dubi arewa, ya ce ai can babu kowa, rairayi ne zalla. Wannan kuskure ne babba. Kowace rijiya da mai ita. Kowane kwari da masu kiwo a cikinsa tun kaka da kakanni. Wani yanki kuma gwamnati ta keɓe shi, ta yi masa doka, don namun daji su tsira. Mai shiga hamada baƙo ne sau biyu: baƙon makiyaya, kuma baƙon hukuma. Shirin tafiya ya na farawa daga sanin wannan.

HANYAR KAKANNI

Mu mutanen Damagaram ba baƙin wannan hanya ba ne. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya zagaye Birni da ganuwa ya kuma rasu a 1884, ayari ya na tasowa daga Kano, ya sauka nan, ya bi ta Damargu da Agadas da Gat, har Tarabulus bakin teku. Fata da tufafi da gashin jimina su na tafiya arewa, hajar Larabawa ta na zuwa kudu. Unguwar Zango da mu ke gani yau, masaukin waɗannan fatake ce. Madugu ba ya tashi sai ya san rijiyoyin da zai sha ɗaya bayan ɗaya, da kwana nawa ke tsakaninsu, da mutanen da zai gaisar a kowace.

Yau mota ta na cinye tafiyar kwana goma a yini guda. Amma mota ba ta san rijiya ba. Raƙumi in ya gaji ya kan huta ya tashi. Mota in ta mutu, ta mutu, sai an samu ƙarfen da ya lalace.

HANYAR GABAS: GURE, TASKAR, TARMIT

Daga Birni sai a ɗauki babbar hanyar gabas, a wuce Mirya da Gidimuni, a isa Gure, kilomita kamar 165. Nan ne za a cika komi, don daga Gure an rabu da kwalta. Sai a juya arewa. A cikin duwatsun Kutus akwai garin Kelle, inda ya kamata matafiyi ya tsaya, domin akwai wurin kiwon jimina. Abin tunani ne: ƙasar da ta cika kasuwannin Tarabulus da gashin jimina, yau sai cikin shinge ake ganinta. An tara waɗanda su ka rage ana kiwonsu, da niyyar wata rana a maida ƴaƴansu daji.

Daga Gure zuwa Taskar ya haura kilomita 150, galibi rairayi. Kada a lissafa shi da awon kwalta. Tafiyar da za a yi cikin awa biyu bisa kwalta, a nan ta na iya cin yini. Taskar ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, akwai hukuma, akwai kasuwar dabbobi. Mutanen yankin Tubawa ne da Abzinawa da Larabawa da Fulani, dukiyarsu raƙuma da awaki. Daga Taskar kuma akwai sama da kilomita 100 kafin a hango dutsen Tarmit a arewa maso gabas, baƙi ƙirin, tsaye a tsakiyar farin rairayi.

A ranar 6 ga Maris 2012 gwamnati ta keɓe wannan yanki, ta sa masa suna gandun Tarmit da Tin Tumma. Faɗinsa a lokacin murabba'in kilomita 97,000, ya shafi jihohi uku: Damagaram da Difa da Agadas. An sake masa iyaka a 2019 saboda aikin man fetur na Agadem, aka kuma gyara a 2021, ya tsaya a kusan 86,000. Ko a haka ya fi rabin faɗin jihar Damagaram baki ɗaya. Ya na cikin manyan gandun daji na Afirka.

Wani zai ce, me ke cikin hamada har da za a tsare? Bari mu lissafa. Akwai barewa. Akwai ragon dutse mai gemu har ƙirji. Akwai tuje da yanyawa da babban kunkuru. Akwai mena, mai dogon wuya, bayanta ja cikinta fari, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu ta ɗauki sunanta. Menar da ta rage a daji a duniya duka ba ta wuce ɗaruruwa kaɗan ba, wasu daga ciki su na Tarmit. Akwai kuma wata farar dabba mai murɗaɗɗen ƙaho da faɗin kofato, wadda masana ke kira adaks. Allah ya yi ta don hamada. Ta na iya yin watanni ba ta sha ruwa ba, ɗanyen haki da raɓa sun ishe ta.

Labarin adaks shi ya fi ban tausayi. Kafin 2010 ana lissafin kamar 200 a Tin Tumma, kuma su ne garke mafi girma da ya rage a daji a duk duniya. A watan Maris 2016 aka yi ƙidaya ta sama da ta ƙasa, uku kaɗai aka gani. Masu binciken sun ɗora laifin a kan hayaniyar manyan motocin aikin mai da kuma farauta da mota da bindiga. A lokacin an ƙiyasta waɗanda su ka rage a daji ba su kai 100 ba. Ta macen ɗa guda ta ke haifuwa a shekara. Makiyayi ya san abin da wannan ke nufi: garken da ya ragu haka ba ya dawowa da wuri.

To, ga inda matafiyi ya shigo. Adaks ba ta da saurin barewa. In mota ta kore ta, ko ba a harbe ta ba, gudu da zafi su kan kashe ta. Direban da ya bi ta don fasinja su yi kallo ko su ɗauki hoto ya na iya kashe ta bai sani ba. In an hango naman daji sai a rage gudu, a tsaya nesa, a kashe mota, a yi kallo. Ba a sayen ɗan barewa, ba a ɗaukar kunkuru a sa a buhu don yara su yi wasa a gida. Dokar farauta ta 1998 ta hana taɓa adaks da mena da jimina, wanda aka kama akwai tara, akwai kaso.

Tsofaffi sun tuna da mariri, mai dogon ƙaho lanƙwasasshe, wanda ake yin garkuwa da fatarsa. Ya ƙare a ƙasarmu ƙaf. A shekara ta 2000 aka bayyana cewa babu shi a daji ko'ina a duniya. Sai daga 2016 aka fara kawo waɗanda aka kiwata a shinge ana sakinsu a Cadi, kuma sun yi ta haifuwa. Kuɗi mai yawa aka kashe kafin a samu haka. Tsare wanda ke hannu ya fi sauƙi.

Banda namun daji, a gindin dutsen Tarmit masana sun iske wuraren narka tama na mutanen dā, waɗanda ake lissafawa cikin mafi tsufa a Afirka, da zane a jikin duwatsu. Kan kibiya na dutse da gutsattsarin tukwane su na nan warwatse. A gani, a bar su inda su ke.

HANYAR AREWA: TANUT, AGADAS, ABZIN

Wannan ita ce hanyar da aka fi sani. Daga Damagaram zuwa Agadas kilomita kamar 450. Bayan kamar kilomita 50 za a ga matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamba 2011. Sai Tanut, babban garin Damargu, sai Adarbisanat, sai a gangara gaɓar Tigidit, a shiga Agadas. Tun daga nesa ake hango hasumiyar masallacin, ginin ƙasa mai tsawon mita 27. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihi na duniya.

Manomi in ya shiga duwatsun Abzin zai sha mamaki. A Timiya da Ifarwan da kwaruruwan da ke kewaye, inda ruwan sama bai taka kara ya karya ba, ana noman albasa da tafarnuwa da dankalin turawa da alkama, ga lemu da ruman da inabi. Duk da ruwan rijiya. Da raƙumi ko sa ke jan guga, ruwa ya bi ƴan magudanai ya shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. Yanzu injin ban ruwa ya yawaita. Mai lambu a Mirya ko Gidimuni in ya zauna da su yini guda ba zai dawo hannu wofi ba. A ganinmu, ko don wannan kaɗai tafiyar ta biya kuɗinta.

Gabashin Abzin da yammacin Tenere su ma gandu ne, tun 1988, faɗinsa murabba'in kilomita sama da 77,000. UNESCO ta amince da shi a 1991, amma shekara guda bayan haka aka sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari saboda tawaye. A shekarun nan ne jiminar Abzin ta ƙare. A tawayen 2007 zuwa 2009 kuma an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi. Saboda haka a Abzin ba a barin sawun da mutanen wurin ke bi don a yanke.

Wanda ke son Fashi da Bilma sai ya ratsa Tenere, kilomita kamar 600 daga Agadas. A kan hanyar akwai rijiyar da wata itaciya ta tsaya ita kaɗai shekaru aru-aru, ayari na sauka gindinta, ba mai karya mata reshe. A 1973 wata babbar mota ta banke ta. Gangarta ta na gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a madadinta. Wannan hanya ba ta ɗan koyo ba ce, ba a shigarta sai cikin jerin motoci.

Mai ƙaramin ƙarfi kuwa, wanda ke son yaransa su ga naman daji ba tare da shiga zurfin hamada ba, akwai gandun Gadabeji a jihar Maradi, wanda aka keɓe tun 1955. A 2018 an kai raƙuman dawa 8 can daga Kure.

WANE LOKACI?

Daga ƙarshen kaka zuwa ƙarshen ɗari, wato Nuwamba zuwa Fabrairu. Rana da sauƙi, ruwa ba ya saurin ƙarewa. Amma daren hamada a ɗari ba wasa ba ne, a kan duwatsun Abzin har ruwa ya kan daskare. Kowa ya riƙe bargo biyu da rawani. In iskar hunturu ta taso da ƙura har ba a ganin gaba, sai a tsaya a jira, don a nan ne sawu ke ɓacewa. Bazara, daga Afrilu zuwa Yuni, sai dole. Da damina kuma kwaruruwan Abzin su kan kawo ruwa farat ɗaya, ko da inda ka ke ba a yi ko ɗigo ba. Ba a kwana a tsakiyar kwari.

LISSAFIN RUWA

Ga inda karatun yaƙi da jahilci zai yi amfani. A ɗauki alli a yi lissafi tun a gida.

A sa wa kowane mutum lita 10 a rana, na sha da dafuwa da alwala. A ce ku shida ne. 6 sau 10, lita 60 ke nan a rana. A ce tafiyar, zuwa da dawowa daga inda ruwa ya ke tabbas, kwana 5 ce. Kada a lissafa 5. A ƙara kwana 3 na ko-ta-kwana, su zama 8. To, 60 sau 8, lita 480. In bidonku mai lita 25 ne, bido 20 za ku cika. Ita ma mota ta na shan ruwa, a ware mata bido biyu dabam.

Kada a zuba ruwan duka a tano ɗaya. In ya huje an rasa duka. A raba shi cikin bido da yawa, a kuma raba tsakanin motoci. Bidon da ya taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari ba ya ɗaukar ruwan sha, ko an wanke shi sau goma. Duk rijiyar da aka iske, in an samu izini, a cika abin da ya ragu, ko da ana ganin akwai saura. Rijiyar da aka gaya maka ta na gaba, wataƙila ta ƙafe, wataƙila ta rufta.

Haka lissafin mai. Abin da mota ke sha bisa kwalta, cikin rairayi mai laushi sai a lissafa kusan ninki biyu, a ƙara wani abu a kai don ɓatan hanya.

Wani zai ga kamar an tsananta. To, mu tuna da abin da ya same mu a watan Oktoba 2013. Motoci biyu su ka tashi daga Arlit za su Aljeriya. Ɗaya ta lalace. Ɗayar ta juya neman kayan gyara, ita ma ta lalace. Mutane su ka jira, ruwa ya ƙare, su ka bazu a ƙasa neman rijiya. Gawa 92 aka tsinta: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu mutanen ƙasar Kance ne, ƴan'uwanmu na nan kusa. An yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. A 2017 ma mutum 44 sun mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku, nan ma mota ce ta mutu. Allah ya jiƙan su. Fasinja ya na da ikon ya tambayi direba ruwa nawa ya ɗauka, ya kuma riƙe nasa bidon. Ba rashin kunya ba ne.

MOTA DA JAGORA

Mota ɗaya ba ta shiga hamada. Biyu ne mafi ƙaranci, kuma ta gaba ba ta ɓace ma ta baya. Kowace ta kasance mai jan ƙafa huɗu. Kafin a tashi makaniki ya duba ta sosai, musamman wajen ruwa da batir da taya. A riƙe taya biyu na ko-ta-kwana, da famfon iska, da kayan faci, da jak da katakon da za a ɗora shi a kai, da shebur, da igiyar ja mai ƙarfi, da farantan ƙarfe na sa wa ƙarƙashin taya in ta kafe. In za a shiga rairayi a rage iskar taya, in an fito kan dutse a mayar. Da sassafe rairayi ya fi tauri, shi ya sa ake sammako. Ba a tafiyar dare. Kuma lodi ya yi daidai: yawancin motocin da ke karyewa a hanya, nauyi ne ya karya su.

Wayar salula ta na daina aiki da an yi nisa da gari. Mai hali ya nemi wayar Thuraya, wadda ke magana ta tauraron ɗan'adam, ko da aro ko haya. Akwai kuma na'urar da ke nuna wa mutum inda ya ke, har cikin wasu wayoyi. Ta na da amfani. Amma ba za ta gaya maka rijiyar da ta ƙafe ba, ba za ta gaya maka inda ƴan fashi su ka tare jiya ba, ba za ta yi maka sallama da Tubanci ba. Wannan aikin jagora ne. A ɗauki ɗan ƙasar, wanda sarkin yankin ko hukuma ta san shi. A yi jinga da shi tun kafin a tashi, a gaban shaidu. In ya ce a tsaya, a tsaya. Baƙo ko ya na da ido makaho ne.

RIJIYA DA MAI ITA

Nan ne mu mutanen kudu mu ka fi yin kuskure. Tun 1961 doka ta sa iyakar noma ta arewa. Abin da ke bayan iyakar ƙasar kiwo ce. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun ce makiyaya su na da haƙƙin fifiko a ƙasar da su ka saba zama da rijiyoyin da su ka gina. Fifiko ne, ba hani ba: ba za su hana baƙo ruwa ba, amma su ke kan gaba, su ke faɗin yadda za a yi. Al'ada ma haka ta ce tun kafin a rubuta doka.

Ka tuna yadda ake samun ruwan. Rijiya mai zurfin gaba ashirin ko fiye, raƙumi na jan wasaki, yaro na korarsa ya je ya dawo tun asuba. Garke na jiran layi, wani ya kwana biyu bai sha ba. Sai ga mota ta zo da ƙara ta tsaya bakin kwami, dabbobi su watse, mutane su diro da bido ashirin ba ko sallama. Wa zai ji daɗin haka? A tsaida mota nesa. Babba ɗaya da jagora su taka da ƙafa, su yi sallama, su gaisa a tsanake, su tambayi mai rijiya. Ruwan sha ba a hana ɗan'adam. Amma a jira a ba ka lokaci. Ba a wanki da sabulu ko wanke mota bakin rijiya, ba a jefa gugan da ya taɓa mai.

Haka wajen zango. Ba a nufar tanti kai tsaye da mota. A sauka can gefe, mai gida zai zo da kansa. A wurin Abzinawa da Tubawa ɗakin na mace ne, a kiyaye mutuncinsa. Matan Tubawa na wannan yanki su da kansu su ke jan ayari zuwa Kawar su sayo dabino, sun fi yawancinmu sanin hanya, kada a raina su. Ba a ɗaukar hoton kowa sai da izini. Ba a tambayar makiyayi yawan dabbobinsa, kamar yadda ba ka son a tambaye ka damin da ke rumbunka. In an kawo shayi a zauna a sha har zagaye na uku. In an ba ka nonon raƙumi ka karɓa. Tsarabar da ta fi daraja a can ita ce shayi da sukari da gero, a ware ta tun a Birni. Raƙumin da ka gani shi kaɗai a daji ba ɓatacce ba ne, dubi jikinsa za ka ga tambarin gidansu.

Manomi ya tuna da abu guda. Mutumin da ka ke roƙo ruwa a rijiyarsa, shi ne ko ɗan'uwansa zai gangaro kudu da rani da kantu da dabino, ya nemi gero, ya roƙi raƙumansa su ci kara a gonarka su bar maka taki. Yadda ka yi a bakin rijiyarsa labarin zai riga ka isowa gida.

WUTA DA LEDA

Bayan damina ciyawar arewa ta kan bushe ƙamas. Ita ce rumbun makiyayi har wata damina. Guntun taba ɗaya ko garwashin shayi da aka bari ya na iya cinye kiwon gari guda cikin dare, in iska ta taimaka. Kowace shekara ana fama da gobarar daji a ƙasashen Tanut da Taskar. A share wuri kafin a hura wuta, a binne ta da rairayi kafin a tashi. Itace kuwa a tsinci busasshe, ko a zo da gawayi daga gida. Itaciyar hamada ta kan yi shekaru da yawa kafin ta kai tsayin mutum. Leda da gwangwani da tsohon batir a tattara a dawo da su. Akuya ta na cin leda ta mutu, barewa ma haka.

TAKARDU DA HUKUMA

Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, direba ya riƙe takardar tuƙi da takardun mota cikakku. Mai son shiga gandu ya fara zuwa ofishin jami'an gandun daji, a Damagaram ko Gure ko Taskar ko Agadas, ya faɗi inda za shi, ya nemi izini, ya ji sharuɗɗa. A kowace gunduma a gaida hukuma da jami'an tsaro, a gaida sarkin yankin. Su ne su ka san halin da hanya ke ciki a wannan mako, don lamarin tsaro a arewa ya na canzawa, labarin bara ba ya aiki bana. In sun ce hanya kaza ba ta biyuwa, a fasa. In akwai baƙo ɗan wata ƙasa cikinku, a faɗa tun da wuri, don ƙa'idarsa dabam ce. Kuma kada a karɓi ƙunshin da ba a san abin da ke ciki ba don a kai ma wani.

IN MOTA TA MUTU

Kada a rabu da mota. Mai nema ya fi saurin ganin mota da ganin mutum. A ɗaura bargo ko tabarma a yi inuwa, a kwanta da rana, a rage magana da motsi. Babba ɗaya ya riƙe ruwa ya na rabawa da awo, yara da mata masu shayarwa a gaba. In an ji ƙarar mota ko jirgi, a ƙona tsohuwar taya, baƙin hayaƙinta ana hango shi daga nesa. Madubin mota ma ya na haska ido daga nesa. In dole sai wani ya tafi neman taimako, jagora ne zai tafi, da dare, kuma sai in ya tabbata da nisan rijiyar.

Wanda zafi ya buge, ko mai zawo, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya ga likita kafin tafiya, ya riƙe maganin da zai wuce kwanakin. Da safe a kakkaɓe takalmi da bargo saboda kunama.

TAKARDAR DA ZA A BARI A GIDA

Daren da za a tashi, wanda ya iya rubutu cikinku ya ɗauki takarda. Ya rubuta sunan kowane matafiyi da sunan mahaifinsa. Ya rubuta lambar kowace mota da launinta, da sunan direba da na jagora, da lambar waya. Ya jera garuruwa da rijiyoyin da za a bi, ɗaya bayan ɗaya, da ranar da ake sa ran isa kowanne. A ƙasa ya rubuta ranar dawowa, ya ƙara da cewa: in kwana biyu su ka wuce bayan wannan rana ba a ji mu ba, a kai wannan takarda ga jami'an tsaro. A yi ta biyu. Ɗaya a ba mai unguwa, ɗaya a ba babban gida. In an canza hanya a tsakiyar tafiya, a aiko da saƙo daga gari na ƙarshe mai waya, a gyara takardar.